Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sarakunan Hausawa Da Masu Makarantu A Legas: A Koya Wa Yaranmu Karanta Gini

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayenmu sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Mil 12 da Alaba Rago da sauran unguwanni. Allah ya gafarta malamai, shugabannin makarantun boko da na Islamiyya, da kwamitocin iyayen yara. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu masu wannan takarda magina ne da birkiloli da injiniyoyi da masu zanen gine-gine, 'ya'yanku mazauna Ikko, wato Legas. Roƙonmu guda ne: a ware zango ɗaya a shekara, mako goma, awa ɗaya da rabi a kowane mako, a koya wa yara 'yan shekara 9 zuwa 14 yadda ake kallon gini a gane shi, tare da tarihin yadda mutanen dā suka yi nasu. Ba sai an sayi littafi ko kwamfuta ba.

Yaron da aka haifa a Agege ya san bulo da kwano, ya san gidan haya mai ɗakuna a jere ƙofa na kallon ƙofa. Tambaye shi tubali ko azara, sai ya yi zuru. In an je gida hutun Sallah yana wuce ganuwar Kano a mota, a wurinsa tudun jar ƙasa ce kawai, alhali tun ƙarni na 12 Sarki Gijimasu ya aza harsashinta. A nan ma haka, zai bi Titin Martins sau ɗari bai ɗaga kai ya dubi fuskar masallacin Shitta-Bey ba. Haddar sunayen sarakuna da shekaru ba za ta gyara wannan ba. Abin da zai gyara shi tambayoyi huɗu ne da yaro zai saba yi wa duk ginin da ya gani: da me aka gina shi, me ke ɗauke da nauyinsa, ina ruwan sama yake bi, ta ina iska take shiga? Da su ake karanta dalar Masar, da su ake karanta shagon mai shayi. Duk darussan da za mu zayyana hanya ce ta sa yaro ya amsa su da hannunsa.

A sa zangon ya faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu. Dalili kuwa laima. Tubalin da aka buga a watan Yuni a Legas sai ya yi mako biyu bai bushe ba, ya yi fumfuna, yara su gaji da jira.

Makon farko da na biyu awo ne. A raba aji mai yara 40 gida takwas, kowane rukuni da tef ɗin awo ɗaya, su auna ajinsu su zana shi kamar an ɗaye rufin ana leƙowa daga sama. Kowace mita ɗaya a ƙasa ta zama santimita 2 a takarda. Aji mai mita 8 da mita 7 zai fito santimita 16 da 14, ya zauna daidai a fallen takarda, ƙofa mai faɗin santimita 90 kuma ta zama 1.8. Kuskure biyu ne ba sa wucewa: yaro ya karanta gefen inci na tef maimakon na santimita, da kuma zana bango da layi ɗaya kamar ba shi da kauri. Bulo mai inci 9 kusan rabin santimita yake ci a wannan ma'auni, dole a zana shi da layi biyu. Sannan a fita fili da igiya mai tsawon mita 6, a yi mata alama da fenti a kowace rabin mita, a haɗa bakinta biyu. Yara uku su ja ta yadda gefe ɗaya zai ci gaɓa 3, ɗaya 4, ɗaya 5. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce kusurwar ɗaki, haka birkila yake fitar da ita a wurin aiki har yau. Kada a ƙulla ƙulli don yin alamar, ƙulli yana cin tsawon igiya, kada kuma a yi da igiyar roba mai miƙewa.

A nan ne wurin shigo da Masar. Babbar dala ta Giza, wadda aka gina wa Fir'auna Khufu shekara wajen 4,500 da suka wuce, kowane gefenta a ƙasa mita 230 ne, tsayinta na asali mita 146. Lambobin nan ba sa cewa yaro komai sai ya taka mita 230 da ƙafarsa a layin makaranta, sannan a gaya masa tsayin ya kusa kamo dogon benen NECOM da ke Marina. Su kuma gwada auna hasumiyar masallacin unguwa ba tare da an hau ba: a kafa sanda mai mita ɗaya, in inuwarta ta ba da mita ɗaya da rabi, inuwar hasumiya kuma mita 18, to tsayinta mita 12 ne. A auna inuwar biyu a lokaci guda, da hantsi ko bayan la'asar. Da tsakar rana inuwa a Legas ƙanƙancewa take yi, lissafin ya lalace.

Mako na uku ƙasa. Kowane rukuni ya kawo gorar ruwa mai haske, a zuba ƙasa kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa, a sa ɗan gishiri, a girgiza sosai a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, laushin ƙasa ya biyo cikin 'yan awanni, yumɓu kuwa sai ya kwana. Washegari a auna kaurin kowane hawa da rula. Ƙasar tubali tana son yumɓu kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, sauran yashi da 'yar tsakuwa. A gwada ƙasar wuri biyu: jar ƙasa irin ta Agege ko Ikorodu, da ta ɓangaren Lekki wadda kusan duk rairayi ce. Daga gora biyun nan kaɗai yaro zai gane me ya sa dogayen benayen tsibirin Legas sai an kafa musu turakun kankare can cikin ƙasa kafin a fara hawa.

Sai bugun tubali. A sa kafinta ya yi ma'auni na katako mai rami shida, kowane rami santimita 6 da 3 da 2. Kwalin ashana da wasu ke so a yi da shi jiƙewa yake yi tun a bugu na uku. Kowane rukuni na bukatar tubali 60, wato 480 ga aji, kuma bokitin fenti biyu masu lita 20 na tankaɗaɗɗiyar jar ƙasa sun isa har da na kwaɓin ɗauri. A yayyanka busasshiyar ciyawa gajeru-gajeru a zuba, a kwaɓa, a rufe da leda ya kwana biyu. Maginan gida sukan bar kwaɓi ya yi kwanaki ana zuba ruwa ana tattakawa, don ƙasar da ba ta tsumu ba ba ta da danƙo. A jiƙa ma'aunin kafin kowane bugu. A shanya a inuwa kwana biyu, a juya, sannan a fitar rana kwana uku. In tubali ya tsattsage, yumɓu ya yi yawa ko an gaggauta kai shi rana: a ƙara yashi. In yana marmashewa a hannu, yashi ne ya rinjaya. Muna roƙon malamai kada su zubar da waɗanda suka lalace, su ne rabin darasin. A kuma sa kowane yaro ya mulmula tubalin gargajiya guda ɗaya da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, ya ga yadda ake jera shi a tsaye, kai sama, ana cike tsakani da kwaɓi, bangon kuma yana farawa da kauri a ƙasa yana sirancewa yayin da yake hawa. Da ƙananan tubalan su gina bango biyu, ɗaya gaɓa a kan gaɓa, ɗaya a sarƙe yadda kowane tubali ya hau kan biyu, su tura da yatsa su ga wanne ya fara rabewa.

Darasin da muka fi so a ba lokaci shi ne na rufi, ko da zai ci mako biyu cur. Matsalar maginin Hausa ita ce ƙasa tana jure dannawa amma ba ta jure ja ko lanƙwasa, azara kuma, wadda ake farkewa daga kututturen giginya, gara ba ta cika cinta ba amma in tazarar ta kai kamar mita biyu da nauyin ƙasa a kanta sai ta fara sunkuyawa. To yaya aka rufe zaurukan Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa? Yaya Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim? Amsar ita ce bakan gizo. Ana dasa azara a cikin bango daga ɓangare biyu, kowane hawa ya ɗan zarce na ƙasansa ya ƙara karkata ciki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da kwaɓi, a jira ya bushe kafin a ɗora na gaba, har hannayen biyu su haɗu a sama. In bakuna suka gitta juna suka ɗauki rufi mai tulluwa, shi ne ɗaurin guga. Yara za su iya kwaikwayonsa da tsinken tsire da zare a kan bango biyu masu tazarar santimita 20. Zai rushe a karon farko, kusan tabbas, saboda ɗayan biyu: ko ba a danne gindin tsinken a cikin bango da isasshen nauyi ba, ko an ɗora hawa na biyu na farko yana ɗanye.

A gefe guda su gina baka irin ta Rumawa da tubali zalla: a kwantar da gwangwanin madara babba, a jera tubali a kansa daga hagu da dama, kwaɓin ya fi kauri ta waje, a sa na tsakiya a ƙarshe, bayan kwana biyu a zare gwangwanin a hankali. Ita wannan baka tura ƙafafunta take yi waje, in ba a tokare gefe da gefe da tulin tubali ba sai ta baje. Mutane da yawa, har da masu digiri, suna ɗaukar bakan gizo da bakar Rumawa abu ɗaya ne don sun yi kama a ido. Ba ɗaya ba ne. Ɗaya itace ne a ɓoye cikin ƙasa, ɗaya tubali ne ke danne ɗan'uwansa. Yaron da ya gina su biyun ba zai ƙara haɗa su ba.

Ruwa da zafi su zo a mako na bakwai. A yi ƙananan ɗakuna biyu, ɗaya da rufin soro shimfiɗaɗɗe, ɗaya da rufi mai gangara da baki ya zarce bango, a yi musu ruwan sama da gwangwani mai huji. Soron zai jiƙe ya fara zaizayewa, sai a yi masa indararo da guntun tsinken alawa mai rami ko bututun biro, a ga yadda yake jefa ruwa nesa da gindin bango. A nan malami zai yi bayanin makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, wato kayan yaɓe masu hana ruwa shiga gini, da dalilin yaɓe duk shekara. A nuna hoton babban masallacin Jenne a Mali, wanda ginin yanzu na 1907 ne, da hasumiyar Agadas mai mita 27: itatuwan da suka fito a jikinsu matakala ce ta masu yaɓe. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya kusa ninka na Kano, shi ya sa soro bai zama ginin nan ba, kuma ya kamata a faɗa wa yara haka kai tsaye, kada son gida ya sa a koya musu cewa ginin ƙasa ya dace da ko'ina yadda yake. Haka zancen zafi. A sa ma'aunin zafi a akwatin langa-langa da akwatin ƙasa mai kaurin santimita 4, a karanta da safe da ƙarfe biyu da kuma lokacin tashi. Na ƙasa zai yi jinkirin ɗaukar zafi, ya yi jinkirin sakinsa. A Kano, inda dare ke yin sanyi, wannan riba ce. A Ikko dare ba ya sanyi sosai, ga gumi, don haka tsofaffin gidajen tsibiri suka dogara da dogayen tagogi masu fuskantar juna da rufi mai nisa da baranda.

Sai fita, don gani ya kori ji. Safiyar Lahadi ta fi, lokacin da 'yan kasuwa ba su rufe fuskokin gine-ginen da kaya ba, babba ɗaya ga yara takwas, kowane yaro da fensir da takarda a kan kwali. A fara da masallacin Shitta-Bey, bayan an nemi izinin masu kula da shi. An buɗe shi a 1894, Muhammadu Shitta ne ya biya kuɗin, maginin kuma João Baptista da Costa, ɗaya daga cikin Aguda, wato waɗanda suka dawo daga bauta a Barazil da sana'ar gini a hannunsu. Yaranmu su sani cewa cikin bayi Musulmi na Bahiya, a Barazil, har da Hausawa, kuma bayan boren 1835 da yawa daga Musulmin can sun komo gaɓar nan. Daga nan a bi ta Dandalin Tinubu, a tsaya inda Ilojo Bar yake a dā: gidan 1855 ne, an sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956, aka rushe shi a Satumbar 2016. A nuna musu hotonsa a wurin. Sai gidan iyalin Da Rocha da ake kira Gidan Ruwa a Titin Kakawa, a ƙare a Freedom Park, tsohon kurkukun Turawa da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010, inda za su zauna su ci abinci su kammala zane. Ƙa'ida ɗaya: kada malami ya faɗi shekarar gini sai yara sun amsa tambayoyin nan huɗu. Makarantun da ke kusa da Ebute Metta suna da Gidan Jaekel na 1898 a harabar jirgin ƙasa, na Ojo da Alaba Rago kuma Badagiri ta fi musu, inda benen 'yan mishan na 1845 yake. Wanda ya samu mota zuwa Epe ya kai su ganuwar Sungbo, rami da tudun ƙasa da suka kewaye ƙasar Ijebu na kimanin kilomita 160, su kwatanta da ta Kano.

Mako na tara na siminti ne, kuma a nan yara kallo kawai za su yi, don ɗanyen siminti yana ƙona fata, ƙurarsa tana cutar da ido. A gayyato birkila daga cikin iyayen yara. Ya zo da bulo biyu, mai kyau da na ha'inci, ya sake su daga tsayin ƙugu. Ya yi bayanin cewa buhu mai kilo 50 in aka matsa masa ya fitar da bulo fiye da ƙima, yashi ake sayarwa da sunan bulo. Cewa kwaɓin kankare na yau da kullum kwanon siminti ɗaya ne, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Cewa ana shayar da shi ruwa aƙalla kwana bakwai kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. A jefa ƙusa ɗaya a ruwan gishiri, ɗaya a ruwan famfo tun makon farko, a fito da su ranar. Haka yashin teku da ba a wanke ba yake yi wa rodi: ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura, ta fasa kankare daga ciki.

Ranku ya daɗe, ba mu sa wannan darasi don ado ba. Ranar 13 ga Maris 2019 bene ya rufta a Ita Faji da makaranta a samansa, kimanin mutum 20 suka rasu, da yawansu yara. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya zube a Ikoyi, fiye da mutum 40 suka tafi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Yaro ba injiniya ba ne, amma zai iya gane tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga tana ƙara faɗi, da jan ruwan tsatsa a jikin ginshiƙi, da kankaren da ke ɓantarowa daga ƙasan bene har rodi ya bayyana, da ƙofar da ta fara cijewa ba dalili. A koya masa ya gaya wa babba, ba tare da an tsorata shi ba. Masu makaranta kuma su yi haƙuri, ginin makarantar ne yara za su fara yi wa wannan duba.

Makon ƙarshe kowane rukuni ya gina gida ɗaya a kan katako: zaure, shigifa, tsakar gida, zankwaye a kusurwa, su yi zanen dagi a fuskar ƙofa da tsinke tun yaɓen yana ɗanye, a kira iyaye su gani. Kada a ware 'yan mata a ce aikin maza ne. Daɓen ɗaki da adonsa tun asali a hannun mata suke, kuma a yau akwai mata masu zanen gine-gine a garin nan.

Abin da muke nema a wurin iyayenmu sarakuna shi ne a kira masu makarantu a zauna, kowace unguwa ta zaɓi makaranta ɗaya da za a fara da ita, a kuma yi wa magina da kafintocin unguwa magana su ba da yini biyu a zango. Daga masu makarantu muna neman malami ɗaya tsayayye, da wani lungu mai rufi inda tubali zai bushe ba a tattake shi ba. Kayan aikin aji guda su ne tef takwas, igiya takwas, ma'aunin tubali huɗu, ma'aunin zafi biyu, bokitin ƙasa biyu, tsinken tsire da zare. A tanadi ƙasar a tankaɗe ta tun watan Nuwamba, a gwada buga tubali goma kafin yara su fara, don in ƙasar ba ta yi ba a sami lokacin canjawa.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana.

Wassalamu alaikum.

'Ya'yanku,
Wasu magina, birkiloli, injiniyoyi da masu zanen gine-gine mazauna Legas